Karan gona da raƙuman Buzaye

Ɗana, na ga saƙonka, na yi dariya har na yi tari. Wai me ya sa nake barin raƙuman Buzaye su cinye karan gonata kyauta bayan girbi, alhali yanzu kara kuɗi ne. Bayan dariyar kuma sai na yi shiru, don wata rana gonar nan hannunku za ta koma.

Ina saurayi, a kakar 1971, mahaifina ya haɗa ni da aminin nasa, wani madugu daga Abzin, na bi ayarin gishiri zuwa Balma. Daga Agadas tafiyar ta kai kilomita 600. Da ka bar duwatsun Abzin ka faɗa Tenere, sai rairayi, ko tsinke babu. Kowane raƙumi da damman ciyawarsa a baya, ana ajiye wasu a hanya saboda dawowa, kuma ba wanda ke taɓa na wani. Mun wuce bishiyar nan guda ɗaya tilo da ke bakin rijiya, wadda mota ta kaɗe a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai yanzu. Ni na sha ruwa a gindinta, ruwa mai wari, na kuma gode Allah.

Ranar da muka sauka Kalala, gefen Balma, ba zan manta ba. Ramuka ne jere, ruwansu ja-ja, gishiri na kwanciya a sama kamar ɓawon madara. Ana zuba shi a kututturen dabino da aka fafe, ya fito kantu, na dabbobi ke nan, beza kuwa na miya. Ina kwance buhu, gero ya ɗan zube, sai wata tsohuwa ta durƙusa tana tsince shi ƙwaya-ƙwaya daga yashi. Can dabino ne da gishiri, gero ba ya yi, sama ba ta ba su ruwa.

Da na ba mahaifina labari, cewa ya yi, gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo shi ma ya ji kunya. Yakan ce raƙumin da ya kwana a gonarka ya biya kuɗin kwanansa da kashinsa.

Ku kuwa sai ku ɗaure karan ku kai kasuwa, ku dawo kuna neman takin zamani bashi. Jikan madugun nan har yau yana sauka wurina, bara ma kantu biyu ya ajiye mini a zaure. In ka zo hutu ka gaishe shi, ka tambaye shi nawa ya biya.