Amsa: Yaya zan shirya kwari da bakana kafin lokacin farauta?

Malam, ka ce bakanka na rataye a ɗaki tun farkon damina kuma kana so ka bi 'yan farauta bana. To tun yanzu zaka sauke shi, kar ka jira sai an gama girbi an fara kiɗan gangi.

Tsirkiya zaka fara dubawa, ita ce ke cin amanar mutum a daji. In ta fata ce danshin damina ya riga ya sa ta saki, hunturu na shigowa kuma zata bushe ta fara tsattsagewa, ka shafe ta da man kaɗe, in kaga ta fara zarewa kawai canza ta ka ajiye sifiya a jaka. Itacen ma ka duba ko gara ta taɓa shi. Kyauron kibiya (sandarta) da ya lanƙwashe ka ɗan gasa shi sama-sama ka miƙar, kawunan kibau ka kai wa maƙeri ya wasa.

Atisaye kuwa buhu zaka cika da ƙaiƙayi ka jingina da katanga inda yara basa wucewa, fara daga taku 10 kana ƙarawa a hankali. Kibanmu basu da gashi a gindi, shi yasa nesa bata yi musu, gara ka koyi sanɗa. Harbi kaɗan kullum yafi na rana ɗaya da zai sauke maka kafaɗa. Kuma dan Allah banda kibiya mai dafi wajen gwaji.

Ka je wajen sarkin bakan garinku kayi rajista da ƙungiya, yanzu yawo da makami ba katin shaida haɗari ne. Gandun dajin Yankari da irinsu kuwa an hana farauta, kamaka za'ayi.