Libarba .44 Tana Shurina, Yaya Zan Yi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Amurka, jihar Tekzas, kuma ina zuwa filin koyon harbi da libarba ƙirar Smith & Wesson Model 29, mai cin harsashin .44 Magnum. Harsashi shida kawai nake harbawa hannuna ya yi tsami, saitina ya lalace. Wani aboki ya ce in riƙa ɗura harsashina da kaina in rage albarushi. Me ka gani?

AMSA: Ɗan'uwa, na san wannan ciwon. Ranar da na fara harba .44 Magnum, fatar da ke tsakanin babban yatsana da manuni ta kwana tana zugi. Harsashin nan tun 1955 aka ƙera shi don farautar manyan namun daji, nauyin kansa kaɗai ya haura giram 15, dole ya yi shuri.

Amma abin da ke ɓata maka saiti tsoro ne. Hannunka ya koyi zabura tun kafin kunama ta saki. Ka sa abokinka ya cakuɗa maka harsasan gaske da na wofi, waɗanda ba sa tashi, ba ka gani ba. Da ka faɗo kan na wofi za ka ga bakin bindigar ya sunkuya ƙasa da kansa. Ni da na ga nawa, sai da gabana ya faɗi.

Maganinsa, koma harsashin .44 Special, wanda bai kai .44 Magnum ƙarfi ba. Yana shiga bindigarka daidai, shurinsa kuma da sauƙi. Riƙe ta can sama da hannu biyu, ka ƙarfafa wuyan hannu, ka ɗan saki gwiwar hannu, ka karkato gaba. Sauya mariƙin katako da na roba, ka toshe kunne sosai, don ƙarar ma tana jawo zabura. Kuma don Allah kada yatsanka ya kusanci gaban gangar nan mai juyawa da ake zuba harsasai a ciki. Wutar da ke feshowa ta tsagar da ke tsakanin gangar da bututun bindigar tana yanka nama.

Batun ɗuri kuwa, ban hana ka ba, sai dai albarushin zamani ba irin na adakar maharbanmu ba ne da ake aunawa da ido. Kwanson .44 yana da zurfi, mutum kan zuba awo biyu bai sani ba, bindiga ta tarwatse a hannunsa. Wani albarushin ma, kamar H110, rage shi da yawa haɗari ne. Samu sikeli da littafin awo na kamfanin albarushin, ka fara daga mafi ƙanƙantar awon da suka rubuta, ka haska tocila cikin kowane kwanso ka duba yawan albarushin kafin ka ɗora masa kai.