Dekin ɗinmu na yoyo duk damina, in ɗora masa kwano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema, gidanmu dekin ne tun na mahaifinmu, yanzu duk Agusta sai mun jera bokitai a falo, an shafa kwalta a sama har an gaji amma shekara na zagayowa sai yoyon ya dawo. Wani kafinta ya ce in ɗora kwano a kai in huta. Anya ginin zai ɗauka kuwa?
Daga wani magidanci a Hotoro, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu da fama. Gaskiya kafintan nan bai faɗi ƙarya ba, ni ma kwanon zan ce ka sa. Dekin in ya fara tsagewa kwalta lallaɓawa ce kawai, rana ta gasa shi ya buɗe, sanyin dare ya zo ya tsuke, ga ruwa na kwanciya a kai saboda babu gangare ko indararo ya toshe, to ta ina facin zai daɗe?

Maganar nauyi kar ta dame ka sosai. Dekin mai kaurin santimita 15 yana kai wajen kilo 360 a kowace murabba'in mita, katako da kwano kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba sa kaiwa. Amma kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya ka ɗaga kai ka duba ƙasan dekin ɗin ta cikin ɗaki, in ka ga siminti na ɓantarewa rodi ya fito ya yi tsatsa, ko tsakiya ta ɗan lotsa, to wannan ya wuce aikin kafinta, injiniya za ka kira ya gani da idonsa. Kwano zai tsayar da ruwa ne kawai, ba zai gyara rodin da ya riga ya ci ba, kuma iyalinka ne ke kwana a ƙasan.

Abin da ya fi damuna shi ne iska. Ka san yadda iskar farkon damina take yi a Kano, rufin da aka aza shi kawai a kan dekin ba a ɗaure ba wallahi dare ɗaya za ta kwashe shi ta kai gidan wani. Dole katakon da zai kwanta kan bango a kama shi da rodi ko a huda siminti a ɗaure da noti, sannan kowane katako na sama a naɗe shi da langalanga, kar ka yarda a ce maka ƙusa ta isa. Katakon ma in ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka zaɓi busasshe, a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa.

Sai kuma yayin nan na ɓoye kwano a bayan katangar sama a yi kwata ta ciki don gida ya yi kyau, dan Allah kar ka biye musu. Ganye da leda suna toshe kwatar ruwa ya koma cikin bango, ka ga an dawo gidan jiya. A ba rufin tudu sosai, bakin kwanon ya zarce bango ya zubar a waje, sai dai ka lura kar ya riƙa zuba a tsakar gidan maƙwabci, ta wannan ɓangaren a sa indararo ya juyo da ruwan wajenka. A bar 'yan kafofin iska masu raga a gefe saboda zafi da laima su riƙa fita.

In akwai tankin ruwa a sama a sauke shi a yi masa tasa hasumiyar, lita 1,000 tan guda ne. Ka leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka ji ko sai da izini tunda siffar ginin za ta canza. Aikin kuma ka bari sai ruwa ya ɗauke dekin ɗin ya sha iskar hunturu ya bushe sarai, a gama kafin watan Afrilu.