Shanun maƙwabci na rage maleriya?

Tambaya: Salam. Maƙwabcinmu a Rigasa yana kiwon shanu da awaki, wai su suke ɗauke mana cizon sauro, ni kuma yarana kullum asibiti. Don Allah gaskiya ne? Daga Maman Biyu, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumussalam Maman Biyu, Allah ya ba yara lafiya. Toh maganarsa da ƙamshin gaskiya amma da sauran rina a kaba. Macen sauro ce ke shan jini, kuma ƙwayar falsifarum mai kawo mana zazzaɓi ba ta rayuwa a jinin saniya ko akuya, kinga in sauron ya ƙoshi a jikin saniya bai ɗauko komai ba, in ma yana ɗauke da ita cizon ya tafi a banza. Ƙwayar kan yi kwana 10 zuwa 14 a cikinsa kafin ya iya harba wa mutum, sauro da yawa ma sun mutu kafin nan.

Sai dai fa sauro iri-iri ne. Wanda ake kira arabiyensis shi ke yarda da jinin dabba, wanda ake kira gambiye kuwa mayen ɗan Adam ne, zai tsallake garke guda ya shigo ɗakinki. Ga kuma damina, je ki duba sawun kofato a bakin turke, ruwa ya kwanta ciki tsutsotsi na wutsil-wutsil, nan ma yake ƙyanƙyasa. In turken na jikin katangarki wallahi ƙara miki su zai yi. Ki lallaɓa maƙwabcin ya matsar da dabbobin nesa da ɗakunan kwana ya cike kwatamin, yara kuma cikin gidan sauro tun magariba.