Zauren Gwaggo: An ce mu kawo tsofaffin mujallu aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Ina karatun aikin jarida a wata makarantar gaba da sakandare a nan Bauchi. A wannan zangon malaminmu ya ce kowa ya nemo tsofaffin mujallu biyu, ya zaɓi talla uku a ciki ya yi sharhi a kansu. Da Babanmu ya gan ni a tsakar gida ina yankar hotuna da reza, sai ya ce shi bai biya kuɗin makaranta don a koya mini kallon hoto ba. Ni ma ban san abin da zan rubuta ba. Mene ne abin nazari a cikin talla, kuma me zan ce wa Baba?
Ɗaliba, daga Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ga laifin mahaifinki, kuɗinsa ya kashe, yana da haƙƙin ya tambaya. Amma ni ina bayan malaminku, domin aikin nan da ya ba ku shi zai koya miki tambayar da kowane ɗan jarida ke buƙata: wa ya biya kuɗin wannan shafi, kuma me yake so a wurina?

Ajiye rezar tukuna. Ɗauki mujalla ɗaya ki ƙirga shafukanta, sannan ki ware na talla. Kuɗin da mai saye yake miƙa wa dillali da wuya ya ishi takarda da tawada da ladan bugu da albashin ma'aikata. Masu talla ne ke cike giɓin. Shi ya sa bangon baya ya fi ko'ina tsada, kuma shafin dama ya fi na hagu daraja, don a kansa ido ke fara sauka. To idan banki ko gwamnatin jiha ta sayi shafi huɗu a fitowa ɗaya, ki bi sauran shafukan ki ga ko akwai labari ɗaya da ya taɓa ta. Ki duba shafukan taya murnar naɗin sarauta da na cikar gwamna shekara a kan mulki, ki rubuta sunayen waɗanda suka biya. Ki kuma lura da rubutun da aka shirya kamar labari, da kanu da hoto, alhali kuɗi aka bayar aka buga shi. Wannan ya fi damuna, domin mai karatu bai san talla yake karantawa ba.

Tambayar nan ta dace da kowace takarda. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, gwamnatin Turawa ce ta tsaya mata. Mujallar Fim da ta fara a 1999 kuwa tana ba da labarin 'yan fim, tana kuma buga tallan fina-finansu. Kowace da irin igiyar da ke riƙe da ita, kuma ɗalibi ya kamata ya gano ta.

Yanzu ki zo kan tallan kansa. Ce kin zaɓi na sinadarin ɗanɗanon girki. Ki rubuta abin da idonki ya gani kafin ki ce komai: mace sanye da sabuwar atamfa, lalle a hannu, kicin mai tayil da risho na gas, babu hayaƙi, babu gumi. Maigida na zaune yana murmushi da cokali a hannu, yara biyu kacal a gefensa. Sai ki tambayi kanki, gidaje nawa ne a unguwarku suke girki a irin wannan kicin? Me ya sa fuskar mijin aka haska fiye da tukunyar? Yabon miji ake sayar wa uwargida, dunƙulen yana biye ne a baya. Sannan ki nemi abin da ba a faɗa ba, kamar yawan gishirin da ke cikinsa, wanda mai hawan jini ke buƙatar sani.

Ina so ɗaya daga cikin ukun ya zama na maganin gargajiya, irin wanda ake cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da taifot da shawara da ciwon suga. Kalaman nan su ne kike ji a lasifikar motoci a kasuwannin Wunti da Muda Lawal. Za su ce miki akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Ki karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalbar. Kan irin waɗannan magunguna akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mutane na barin asibiti saboda irin wannan talla, kuma wasu sai ƙoda ta lalace ake dawo da su.

Ki saka doka a sharhinki, zai ƙara masa nauyi. An kafa hukumar kula da tallace-tallace, APCON, a 1988, aka maye gurbinta da ARCON a 2022, kuma ƙa'ida ita ce a tantance talla kafin a sake shi. Daga 1 ga Oktoban 2022 ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Idan kin dace da mujallar shekarun 1980 kina iya ganin tallan taba sigari a fili, abin da dokar 2015 ta haramta.

Shi kuwa Baba, kada ki yi masa gardama. Ki bari ya kunna rediyo da yamma, idan an sa talla ki roƙe shi ya gaya miki abin da aka yi alkawari da abin da aka ɓoye. Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwa ya san wannan fiye da ke. Ki kuma shaida masa cewa a 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta raba karatun aikin jarida gida bakwai, kuma talla na ɗaya daga cikinsu, digiri ne mai zaman kansa.

TAMBAYA: Gwaggo, yanzu wa ke sayen mujalla? Me ya sa ba za a koya mana tallan Facebook da TikTok ba kawai?
Ɗalibi, daga Gombe

AMSA: Ɗana, za a zo wurin, kuma ya kamata a zo. Amma tallan waya yana wucewa cikin daƙiƙu, kuma wanda aka nuna maka ba shi aka nuna wa abokinka ba, don manhajar tana zaɓa wa kowa gwargwadon abin da ya saba kallo. Shafin mujalla yana nan a gabanku, ajin duka na kallon abu ɗaya, ku yi ta muhawara a kansa har awa guda. Idan idonka ya goge a nan, za ka gane 'yar TikTok da aka biya ta yabi man shafawa ko ba ta faɗa ba. Tsofaffin mujallun kuwa, ka fara da laburaren makarantarku, sannan ka tambayi dillalan jaridu da tsofaffin ma'aikata a unguwarku, da yawansu suna da tari a cikin kwali.