Guguwar "shekara ɗari" ta wuce, mu daina biyan inshora?

Tambaya: Malam, ina cikin kwamitin kuɗi na wani gari a bakin teku. Bara mahaukaciyar guguwa ta yi mana kaca-kaca, masana suka ce irin ta shekara ɗari ce. Yanzu kuɗin inshora ya ninka, wani mai ba da shawara kuma ya ce mu dakatar da biya tunda mun ga namu rabon. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Gara da bai kwanta ba. Wannan magana kullum sai na ji ta, kuma ta jefa garuruwa cikin bashi. "Shekara ɗari" ba jadawali ba ne. Ma'anarsa kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin ɗari irin wannan guguwa ta zo, ko ta zo bara ko ba ta zo ba. Teku ba ya riƙe lissafin wanda ya riga ya daka. In ka lissafa yiwuwar ta zo aƙalla sau ɗaya cikin shekara 30, wa'adin bashin gini da yawa ke nan, ya ɗan haura kashi 26. A shekara 50 ya kusa kashi 40.

A Nuwamban 2020 guguwar Eta ta afka wa gabar Nikaraguwa, bayan mako biyu Iota ta sauka kusan wuri ɗaya. Girgizar ƙasa ma haka: a Kiristicoci ta Niyu Zilan an yi ta a Satumban 2010, ta sake dawowa a Fabrairun 2011 ta kashe mutum 185. A Turkiyya, ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin 7.5 ta biyo bayan mai 7.8 cikin kimanin awa tara. Wani lokaci tsagewar ƙasa ta farko ce ke tura matsi zuwa tsagin da ke kusa. Ga shi kuma ginin da ya tsage ya fi saurin faɗuwa a karo na biyu. Shi wannan mai shawarar, ku ce ya rubuta abin da ya faɗa ya sa hannu, ku ga ko zai yarda.

In tsadar ce matsala, a raba haɗarin hawa-hawa. Ƙananan ɓarnar da ke zuwa kusan duk shekara a biya su daga asusun ko-ta-kwana. Matsakaici, a ƙulla yarjejeniyar rance tun kafin bala'i, wanda za a ciro da zarar an ayyana dokar ta-ɓaci. Bankin Duniya na ba ƙasashe irinsa. Inshora a bar ta ga babbar ɓarna kawai, a ɗaga adadin da za ku ɗauka da kanku, kuɗin shekara zai sauko.

In inshorar ma'auni ce, wadda ke biya bisa ƙarfin iska ko girgiza ba tare da an ƙirga asara ba, ku san iyakarta. CCRIF, asusun inshorar bala'i na ƙasashen Karibiyan, wanda aka kafa a 2007, yana biya cikin kwana 14, amma bayan girgizar Haiti ta 2010 abin da ya biya bai kai dala miliyan 8 ba, ɓarnar kuwa ta kusa dala biliyan 8. Kuɗin agajin makonnin farko ne, ba na sake gina gari ba. A 2024 guguwar Beryl ta yi wa Jamaika ɓarna, amma takardar lamunin bala'inta, wadda ita ma ke biya bisa ma'auni, ba ta biya ko kwabo ba, domin ma'aunin matsin iska bai kai iyakar da aka rubuta ba. Ku karanta layin da ya faɗi wannan iyakar kafin ku sa hannu.