Juya, wabi da haihuwar guzuma: amsar tambayoyinku

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Malam dan Allah mene ne bambancin juya da wabi? Shekarata 3 da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, dangin miji har sun fara ce min juya."

Toh 'yar'uwa Allah ya kawo masu albarka. Juya ita ce wadda ba ta haihuwa sam, har saniya ma ana ce mata haka, wasu kuma su ce bakarariya. Wabi daban take, tana ɗaukar ciki tana haihuwa sai dai 'ya'yan ba sa tsayawa, tun suna ƙanana suke komawa, shi ya sa za ki ji an laƙaba wa ɗan wabi Ajuji ko Ajefas wai ko mutuwa za ta raina shi ta ƙyale. Wadda ciki ke zube mata kafin ya isa kuwa ɓari take yi.

Amma ni gaskiya ba na son yadda ake saurin jifan mace da juya, don kalma ce mai yanke hukunci. Abin da likitoci ke kira rashin haihuwa shi ne miji da mata su shekara guda suna tare, ba tsarin iyali, kuma ciki bai shiga ba, wannan kuwa ba wai an rufe ƙofa ba ne, lokacin zuwa asibiti ne ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana fuskantar wannan matsala a rayuwarsa. Wani lokaci hanyoyin ƙwai ne suka toshe, wani lokaci ƙwan ne ba ya fita kan kari, sau da yawa kuma daga maniyyi ne, alhali da wuya ki ji an kira namiji juya. Ku je gwaji ku biyu, kar ki tafi ke kaɗai.

Wani kuma ya ce, wane suna ya fi daidai, jaririn kwalba ko dashen ƙwai? Dashen ƙwai mana. Ba jaririn da ke girma a kwalba, ƙwai da maniyyi ake haɗawa a ɗakin gwaji, bayan 'yan kwanaki a mayar cikin mahaifa ciki ya ci gaba kamar kowanne. Ta farko da aka samu ta wannan hanya ita ce Louise Brown a Ingila, 1978, kuma ita ma ta girma ta haihu.

Sai tambayar wata Hajiya kan karin maganar nan, haihuwar guzuma ɗa kwance uwa kwance, da kuma yadda ake kiran lokacin da mace ta daina jini. Guzuma tsohuwar saniya ce Hajiya, in ta haihu ba ta da ƙarfin tashi balle ta tayar da ɗan maraƙin, ana buga karin maganar ne in mai taimako da wanda za a taimaka duk sun gaza, ba don a yi wa mace gori ba. Sai dai masu hikimar sun lura da wani abu na gaske, bayan shekara 35 ingancin ƙwai yana raguwa, haɗarin ɓari da hawan jini lokacin ciki yana ƙaruwa.

Lokacin da mace ta daina jini kuwa ba mu da kalma guda tak, ɗaukewar al'ada muke cewa ko daina haila, malaman fiƙihu su kira matar ya'isa daga aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ. Galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55 take zuwa, kuma sai an yi wata 12 cur ba jini ake tabbatarwa. Zafin da ke taso wa mace farat ɗaya, gumin dare, rashin barci, duk raguwar sinadarin jikin mace mai suna estirojin ne, ba iska ba ce ba sammu ba, kuma akwai magani in abin ya matsa. Amma in jini ya dawo bayan an cika shekarar nan, Hajiya kar a ce al'ada ce ta dawo, a je likita ya duba mahaifa.